Shirin Zuwan Masu Binciken Gida Ga Mai Son Riƙon Maraya

 

Wata takarda ta iso mana daga wani ɗan'uwa, ɗan kasuwar busasshen kifi a Yelwa ta ƙasar Yawuri. Ya ce shekarunsa goma sha da aure Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ya nemi hukuma ta ba shi riƙon wani jariri da aka tsinta. Ma'aikatan jin daɗin jama'a suka ce sai sun zo sun ga gidansa, sun gana da iyalinsa, sun kuma tambayi maƙwabta halinsa. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai. Tambayarsa ita ce, ina Musulunci ya ce sai an tone asirin gidan mutum kafin a bar shi ya yi aikin lada?

To, Malam, mun ji kukanka, amma ba za mu goyi bayanka ba. Wannan bincike ba Bature ne ya fara shi ba. Imamu Maliku ya kawo a cikin Muwaɗɗa, a babin hukuncin yaron da aka yar, cewa wani mutum mai suna Sunainu Abu Jamila ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya kai shi gabansa. Umar bai fara da yi masa godiya ba, sai ya tambaye shi abin da ya sa ya ɗauki yaron. Sai da shugaban jama'arsa, watau kamar mai unguwa a wurinmu, ya shaida cewa mutumin kirki ne, Umar kuma ya sake tambaya ya tabbatar, sa'an nan ya bar masa yaron, ya ce ɗa ne ba bawa ba, ciyar da shi kuwa yana kan baitulmali. Ashe ke nan tambayar dalili, da neman shaidar mai unguwa, da sa hannun hukuma, duk sun girmi takardun ofis da shekaru fiye da dubu.

A zamaninmu kuwa hujjar ta ƙara ƙarfi. Ba mu manta ba, a shekarar 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Anaca, an canza musu suna, waɗansunsu har sun manta Hausa. Ma'aikacin da ya zauna a zaurenka bai san zuciyarka ba, abin da ya gani da abin da aka shaida masa kawai zai rubuta. Dokar kare haƙƙin yara ta Tarayya ta 2003 ta sa maslahar yaro gaba da kome, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kuma ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta. Ƙasar Maroko ma, wadda mazhabarmu ɗaya da ita, dokarta ta 2002 ta sa alƙali ya sa a yi bincike kafin ya miƙa yaro.

Yanzu sai batun shiri. Na farko, kuma mafi nauyi, ba a sharar tsakar gida yake ba, a ɗakin uwargida yake. Maigida shi ke zuwa ofis ya cika takarda, amma da gari ya waye zai tafi kasuwa ko wurin aiki, wadda za ta yi goyo da wanki da tashin dare tana gida. In ba a shawarce ta ba sai ranar da baƙi za su zo, fuskarta za ta faɗi abin da bakinta ya ɓoye, mai bincike kuwa wannan ya zo gani. Inda mata suka kai biyu ko uku, lalle a yanke tun da wuri a ɗakin wa yaron zai kwana, kuma wa zai duba shi ranar da ba girkinta ba. Mun sha ganin maraya ya zama ɗan kowa a baki, a wurin tuwo kuwa ba na kowa ba. Haka nan 'ya'yan gida da suka yi wayo, da iyayen maigida in suna raye, a gaya musu kafin su ji a bakin maƙwabta.

Sa'an nan mutum ya san abin da yake nema, domin za a tambaye shi. Riƙo muke nema, ba mai da ɗan wani namu ba. Aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzabi sun rushe al'adar jingina yaro ga wanda bai haife shi ba, har Zaidu ɗan Harisa, wanda a da ake kiransa ɗan Muhammadu, aka koma kiransa da sunan mahaifinsa. Saboda haka kada ɗan'uwa ya ji kunyar gaya wa ma'aikata cewa ba zai rubuta sunansa a matsayin uba a takardar haihuwa ba. Ɗan riƙo ba ya gādo, amma ƙofar wasiyya a buɗe take har zuwa sulusin dukiya, ga kuma kyauta tun da rai, wadda a mazhabarmu sai an karɓe ta a hannu take tabbata. Wanda ya riga ya rubuta wasiyya da shaidu, ya amsa tambayar da ta fi damun mai bincike, watau ina makomar yaron in mai riƙonsa ya riga shi.

Akwai kuma batun muharramaka, wanda mutane kan manta sai yaro ya balaga a rasa yadda za a yi da shi a cikin gida. In jaririn bai wuce shekara biyu ba, uwargida kuwa tana da nono, shayarwa ta warware wannan, domin a Risala ko tsotso ɗaya ne ya isa ciki ya haramta aure. In babu hali, to, a shirya ɗaki da tsarin sutura tun yanzu.

Takardu ba su da wuyar sha'ani. Ma'aikacin Gwamnati ya tanadi shaidar albashinsa, ya kuma shirya amsar abin da zai yi da yaron in aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi ko Zuru. Ɗan kasuwa ba shi da takardar albashi, sai ya kawo rasit na rumfa da shaidar shugabannin kasuwarsu. A haɗa da shaidar aure, da ta likita, a kuma sanar da mai unguwa da liman tun kafin ranar. Abu ɗaya muke roƙo, kada a yi aron kujeru da katifa don a burge baƙi. Aron kayan ado na biki ne. Talaka mai tabarma da gidan sauro da rijiya a rufe ya fi mai bene wanda ya yi ƙarya a kan yawan mutanen gidansa, ƙarya ɗaya kuwa in ta fito, ta ɓata sauran gaskiyar da ya faɗa. Gidajen da ke bakin ruwa, a Yelwa ko ƙauyukan Ngaski da Shanga, su sa ran za a tambaye su wa ke tsaron yara daga gaɓa, kuma makaranta za a sa yaron ko kwale-kwale da talla. Tambaya ce mai zafi, amma duk wanda ya san bakin tafkin Kainji ya san ba a banza ake yinta ba.

Kada kuma wani ya ce wannan magana ta masu zuwa ofis ce kaɗai. Yawancin marayunmu ba su bi ta hannun hukuma, dangi ne ke raba su bayan addu'ar bakwai. A watan Mayu na 2021, sa'ad da jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra ta Ngaski da mutane fiye da ɗari a ciki, gidaje da yawa sun wayi gari da yaran da ba uwa ko ba uba. A irin wannan hali babu ma'aikacin da zai zo, sai dangi su yi wa kansu binciken. Su tuna a mazhabar Maliku, in uwa ta rasu, kaka ta wajen uwa sa'an nan ƙanwar uwa ko yayarta su ke gaba a haƙƙin reno, baffa ba ya ɗauke yaro don kawai ya fi ƙarfi. In kuwa mamacin ya bar gona ko jirgi ko taru, a ƙidaya su a rubuta a gaban shaidu ranar da za a miƙa yaron, domin aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umarci a kafa shaidu ranar mayar masa da dukiyarsa, wanda bai rubuta abin da ya karɓa ba kuwa, da me zai yi lissafin abin da zai mayar?

Ɗan'uwanmu na Yelwa ya kuma tambaya ko ya gaya wa yaron asalinsa, da kuma yaushe. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.