Lafiyar Iyali: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

In muka ga mutum ya daɗe yana tari, yana ramewa, ga zazzaɓi da dare, mukan ce tarin fuka ne. Sau da yawa kuwa shi ne. Amma akwai wata cuta mai aron rigar waɗansu, likitoci suna ce da ita sarkoyidosis. Wani likitan Landan, Jonathan Hutchinson, shi ya fara ba da labarinta a 1877. Har yau ba a gano ainihin abin da yake kawo ta ba.

Ga yadda take. Waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle ƙanana sukan fito a cikin jiki. Cikin mutum 10 masu ita, wajen 9 a huhu ne ko a kaluluwar ƙirji. Amma takan ɓullo inda ba a zata ba. A fata takan yi tabo kamar na kuturta. A ido takan kawo ja da gani dishi-dishi. Wani bakinsa ne zai karkace, wani bugun zuciyarsa ya rikice, wani tsakuwa ce a ƙoda. Da haka mai ita yakan yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan, a gida kuma ana cewa sammu ne.

Gane ta sai da haƙuri. Hoton ƙirji shi kaɗai bai isa ba. Likita zai auna kaki tukuna, ya tabbata ba tarin fuka ba ne, kana ya yanki ɗan nama kaɗan a duba da madubi. Kada mu ga kamar yana ɓata mana lokaci. Maganin da ake bayarwa, wato firedinisolon, yana rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. In mai tarin fuka ya sha shi kaɗai, ciwon zai ƙara haɓaka. Saboda haka kada mu saya a kemis da kanmu.

In namu ya sha maganin tarin fuka wata 6 bisa ƙa'ida, ba sauƙi, mu koma wurin likita da dukan takardunsa da hotunansa. Mu faɗi kowane abu, har jan idon da muka raina.

Abu ɗaya kuma mu riƙe: ba a ɗaukar wannan cuta. Kada a ware masa kwano ko tabarma. Da yawa sukan warke ko ba magani.