Kada Ka Sayar da Garin Kwakinka Don Amfilifaya

Zangon karatun da ya wuce wani abokin ɗakinmu, ɗan HND 1, ya dawo hutu da wata 'yar akwatin ƙarfe baƙa mai maɓalli guda a gaba da fitila shuɗiya. Ya ɗora ta a kan loka yana kaffa-kaffa da ita kamar wanda aka kawo wa amarya. Ya ce amfilifayar hedfon ce, wai ya ga wani Bature a YouTube yana cewa duk wanda ba shi da ita bai taɓa jin kiɗa ba a rayuwarsa. Ɗan abin da ya tara a shekarar da ya yi yana IT shi ya tattara ya aika Legas aka sayo masa. Muka ce to madalla, ina hedfon ɗin? Sai ya zaro iyafis ɗin nan da ake samu kyauta a kwalin waya, wanda kunne ɗaya ma sai an murɗa wayarsa yake magana, ya jona. Muka yi layi muna saurare ɗaya bayan ɗaya. Ƙara kam ta ƙaru, wannan babu musu. Amma sautin gwangwanin nan da muka sani yana nan daram, sai dai yanzu gwangwanin ya koma garwa. Kafin tsakiyar zango mutumin nan ya fara bin ɗakuna yana tambayar wa ya dafa wake.

Shi ya sa na ce bari in faɗi ra'ayina a fili, ko wani zai tsira da kuɗinsa. Ɗalibin da yake son jin sauti mai kyau daga kwamfutarsa, kuma aljihunsa irin namu ne, ya zuba kusan duk abin da ya ware a kan hedfon ɗin kansa. Amfilifaya ta jira. Yawancinmu ma har mu gama makarantar nan ba za mu buƙace ta ba.

Dalili kuwa shi ne aikin kowannensu daban. Waƙa ko lacca ko karatun Alƙur'anin da ke cikin kwamfutarka lambobi ne zalla. Akwai wata 'yar na'ura a ciki, ita ake kira DAC, da take juya lambobin su zama siginar lantarki. Daga nan wata ƙaramar amfilifaya, ita ma tana nan cikin kwamfutar tun daga kamfani, ta ƙarfafa siginar ta turo ta ramin da kake soka iyafis. Sai hedfon ya karɓa ya kaɗa iska, kunnenka ya ji. A cikin ukun nan, hedfon ne ke da kusan duk alhakin yadda sautin zai fito, ko ya yi garau ko ya cushe, ko bes ya danne muryar mawaƙi. Amfilifaya ba ta gyara murya, ɗaga ta kawai take yi. In ka ba mai mura lasifika, murar za a ji da ƙarfi.

'Yan sashen lantarki su matso, wannan lissafin nasu ne, na ND 1 ma. A jikin kwalin kowane hedfon na kirki za ka ga lambobi biyu masu amfani. Ta farko turjiyarsa ce, ana auna ta da om, wato alamar nan Ω. Ta biyu ita ce yawan ƙarar da yake bayarwa in ya sami miliwat ɗaya na wuta, ana rubuta ta da desibel. Ƙarfin da ke shiga hedfon shi ne bolt sau bolt a raba da turjiya. To a ce abin da ka jona yana iya ba da bolt 1. Hedfon mai om 32 zai sha kusan miliwat 31. Mai om 250 kuwa miliwat 4 kacal zai samu. Yanzu ɗauki mai om 32 ɗin, a ce yana ba da desibel 100 a miliwat ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a irin hedfon ɗin da ake yi don waya da kwamfuta. Duk sanda ƙarfin ya ninka sau goma, ƙara tana hawa da desibel 10, ke nan a miliwat 31 ya kusa desibel 115. Malam, wannan ƙarar ta isa ta yi wa kunne illa cikin 'yan mintoci. Me kuma za ka ƙara a kai?

Ba na cewa amfilifaya yaudara ce. Tana da inda take aiki. Kamfanin Beyerdynamic na Jamus yana yin DT 770 Pro iri uku da aka fi sani, mai om 32, mai 80, da mai 250. Sennheiser HD 600, wanda yake kasuwa tun 1997 kuma har yau ana yabonsa, om 300 ne. Irin waɗannan masu turjiya mai yawa, in ka jona su a kwamfuta mai raunin fitarwa, za ka ƙure maɓallin murya amma ka ji kamar daga ɗakin maƙwabta ake kiɗan. Nan ne amfilifaya take da amfani. Sai dai tambayata ita ce, wa ya aike ka? Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi hedfon ɗin da ba ya tashi sai da wata na'ura, kamar mutum ne ya sayi doki alhali bai da kuɗin harawa. Ka tsaya tsakanin om 16 zuwa 80 ka huta. Sony MDR-7506, da ake gani a ɗakunan watsa labarai da na ɗaukar sauti tun 1991, om 63 ne. Audio-Technica ATH-M20x, wanda ya fi shi araha sosai, om 47 ne. Duka biyun kwamfuta tana tuƙa su ba tare da taimakon kowa ba.

Akwai dai matsala ta gaske da na san da yawanmu suna fama da ita, kuma ita ce take tura mutane neman amfilifaya. Kwamfutocinmu yawanci 'yan gwanjo ne, sun sha hannu kafin su iso gare mu. Wata ramin iyafis ɗinta ya saki, wata kuma da ka soka sai ka ji "zzzz" ko wani tsiii a ƙarƙashin sautin, musamman in an tada janareta. Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwajin: zare cajar, ka bar ta a kan batir, ka saurara. In ƙugin ya ɗauke, to cajarka ce ko wutar da ake ba ku, kuma amfilifayar da za ka jona a wannan ramin ƙugin za ta ƙara maka. In kuwa yana nan ko babu caja, to na'urar sautin da ke ciki ce ta gaza, kuma maganinta 'yar guntuwar wayar nan ce da ake sokawa a USB, mai ramin iyafis a ɗaya bakin. A cikin ɗan kanta akwai DAC da amfilifaya duka. Ta kamfanin Apple mai bakin USB-C dala 9 ce a Amurka, kuma tana aiki a kwamfuta mai Windows. Abin lura guda, wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana ba da kusan bolt 1, ta Turai kuwa rabin haka. Akwai na wasu kamfanoni birjik, har da masu bakin USB na da. Ga amfilifayar ɗalibi nan in ma ana so, ba ta neman soket, ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Waccan akwatin ta abokinmu kuwa sai da wutar bango take aiki, ku da kanku kun san sau nawa take kunnuwa a mako.

To wane irin hedfon? Nan ne shawarar masu bidiyon ƙasashen waje take ɓatar da mu, domin su a ɗaki shiru suke zaune su kaɗai, ga na'urar sanyaya ɗaki. Suna yawan yabon hedfon mai buɗaɗɗen baya, wanda iska ke ratsawa, kuma gaskiya ne sautinsa ya fi sakewa. Amma buɗaɗɗe ne ta kowane ɓangare. Duk musun ƙwallon da ake yi a ɗakinku zai shigo maka, duk abin da kake ji kuma na gadon sama zai ji. Ka yi tunanin ƙarfe biyun dare ana jibi jarrabawa. A hostel, rufaffen baya shi ne daidai, ko kuma iyafis mai robar da take toshe kunne. Kada ma a raina waɗannan ƙananan. A 'yan shekarun nan kamfanonin Sin sun fito da irinsu Moondrop Chu da 7Hz Salnotes Zero a wajen dala 20, kuma sautinsu ya wuce kuɗinsu nesa ba kusa ba. Ga su ba sa tara gumi. Wanda ya taɓa ɗora babban hedfon mai kushin leda a kansa cikin watan Afrilu ya san abin da nake nufi: minti talatin kunne ya jiƙe, bayan 'yan watanni kuma ledar ta fara ɓarewa tana manne maka a gashi. 'Yan'uwa mata masu sa hijabi sun riga mu gane wannan, shi ya sa da wuya ka ga babban hedfon a wurinsu.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya duba, ko da zai ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin: wayar hedfon ɗin ta zama mai cirewa. A iya abin da na gani, hedfon ba ya mutuwa ta lasifikarsa, ta wuyan waya yake mutuwa, wurin da take lanƙwashewa a cikin jaka. In mai cirewa ce, ka sayi wata ka ci gaba. In ba haka ba sai ka koma neman mai gyaran rediyo da dalma.

Rubutun jikin kwali kuma a yi hattara da shi. Za ka ga an rubuta wai yana kaiwa daga 5 Hz zuwa 40,000 Hz. Kunnen ɗan Adam daga wajen 20 zuwa 20,000 yake ji, shi ma na yaro mai lafiya, kuma saman yana raguwa da shekaru. Sauran na jemage ne. Haka manyan sunaye a farashin banza: in ka ga hedfon ɗin da ake sayarwa dala 100 a ƙasar da aka yi shi, mai shago ya ce ka kawo kuɗin kati, ai ka san abin da ka saya. Ni na fi yarda da ƙaramin suna na gaske a kan babban suna na jabu. Ka je da kwamfutarka ko wayarka, ka ce sai ka gwada. Kada ka yarda da waƙar da mai shago zai kunna maka, ya san wadda take ɓoye aibin kayansa. Sa abin da kunnenka ya haddace. Ni da Shata nake gwaji, in kalangu ya fito daban, amshi daban, muryarsa kuma tana gaba ba ta nutse ba, to an wuce matakin farko. Sai in sa Ɗan Maraya Jos in ji ko kuntigin yana da kaifi ba tare da ya soke min kunne ba. Sannan in sa magana zalla, lacca ko labarai, domin rabin abin da za mu ji da shi ke nan. 'Yan aikin jarida da ke tace murya don aikin kammalawa, ku musamman ku guji mai bes da yawa, zai sa ku rage abin da bai kamata ku rage ba, ranar gabatarwa a ji aikinku fayau a lasifikar sashe.

Na san wani zai ce, ai gara in sayi amfilifayar yanzu, in na sami kuɗi in sayo babban hedfon. Abokinmu ma haka ya ce. Amma wannan sayen linzami ne kafin doki, kuma a tsakanin yau da ranar da kuɗin zai zo, kullum sautin banza kake ji. In ka juya tsarin, daga daren farko kake cin moriyar kuɗinka. Masu hedfon na Bluetooth kuwa su cire kansu daga wannan muhawara gaba ɗaya, domin nasu DAC da amfilifayar suna cikin hedfon ɗin. Nasu ciwon kan batir ne da caji, da ɗan jinkirin da ke sa baki ya riga murya in ana tace bidiyo. Sannan in waƙar da aka turo maka ta bi ta hannu goma an matse ta har ta koma 64 kbps, ko hedfon ɗin miliyan ka sa ba zai dawo da abin da aka zubar ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin muhimmanci, shi ne ainihin abin da ya sa akwatin nan take ba ni tsoro a hannun ɗalibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 89 awa 5 a mako gaba ɗaya. Ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne, waɗanda ke karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Mu kuma me ke sa mu ƙure murya? Hayaniyar ɗaki da janareta. Wato wanda ya sayi amfilifaya don ya danne hayaniya yana biyan kuɗi ne a lalata masa kunne, alhali hedfon mai toshewa da kyau zai rage hayaniyar, ya ji komai a rabin murya. In ka cire iyafis ka ji kunnenka yana wani "wiii", ko maganar mutane ta koma kamar daga cikin rijiya, ka wuce gona da iri a ranar. In abin ya ƙi tafiya bayan kwana ɗaya ko biyu, ka je asibitin makaranta su tura ka wurin likitan kunne.

Abokin namu dai a ƙarshen zango ya sami wani mai ɗaukar waƙa a cikin gari ya karɓi akwatin, da ragi mai ciwo. Da abin da ya samu ya sayi iyafis mai wayar cirewa da 'yar guntuwar USB, ya biya bashin mai shayi, har ya rage na mota zuwa gida. Yanzu matsalarmu da shi ɗaya ce: in ya toshe kunnuwan nan, sai an jefe shi da filo yake sanin an tada sallah.