Wa ya ce kayan yarintarmu na gargajiya ne?

Da azumi ya kai ashirin sai hotunan su fara yawo a WhatsApp da Facebook. Yaro cikin shadda mai sitaci wadda ta fi shi girma, wuyan rigar ya zamo har kafaɗa, tabarau na roba ja ko kore a ido, agogon da ba ya tafiya a hannu. Yarinya an naɗa mata ɗan kwali kamar uwargida, jan baki ya wuce leɓe, ga ƴar jaka a rataye don zuba kuɗin barka da Sallah, ga takalmin nan mai wuta a dunduniya wanda kafin la'asar wutar ƙafa ɗaya ta mutu. Kowa ya gani sai ya yi dariya ya tura wa wani. Ni ma ina turawa, ba ni da rigima da hoton.

Rigimata da abin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa ce: wai lokacin duniya na kwance, wai mu cikin kayan al'ada muka tashi, wai yaran yanzu sun lalace. Ka duba mai rubutun, shekararsa ashirin da biyu! Gemu bai gama haɗewa ba, bursi ma jiransa yake, amma har ya zama dattijo mai girgiza kai. Kuma daga rubutun sai a wuce zuwa aiki. A tsare ƙanwa a zaure a ce ta koma ta sake kaya, a yi wa ƴar aji ɗaya ihu a bakin amfi, a ɗauki hoton yarinyar da ba ta san ana yi ba a watsa a guruf. Hujjar duka ita ce "mu ba haka muka tashi ba".

To, ƴan uwa, mu zauna mu buɗe akwatin. Me muka sa?

Mu da aka haifa a farkon shekarun 2000, kayanmu na kullum bosho ne, wanda ƴan Najeriya ke kira gwanjo. Dila ce ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome, a ɗoro ta a mota har Yamai da Maraɗi, a kwance ta a kasuwa, iyayenmu mata su durƙusa su tona. Rigar da wani yaro ya gaji da ita a Faransa ko Amurka, da rubutun da babu wanda ya iya karantawa a gidanmu, ita muka sa muka tafi lakol. In an samu ƴan kuɗi sai maiyo: Messi, Eto'o, Drogba, Ronaldo. A 2012 da Mena ta je gasar cin kofin Afirka karo na farko, kowace kartiye ta cika da maiyo mai ruwan lemu da sunan Maazou a baya, kuma ko shi ba a nan aka ɗinka shi ba. Sai Ben 10, sai John Cena a ƙirji. Wane kakan ne ya bar mana wannan gado?

Za ka ce ai kayan Sallah ake nufi. Mu je can ɗin. Shaddar da ake taƙama da ita, Getzner, kamfanin Ostiriya ne, kuma ƴaƴan alhazai ne suka sa ta. Mu sauran ta Sin muka sa, mai sheƙi ranar farko, mai zuba a wanki na biyu. Atamfa mai tsada daga Holan take, mai sauƙin kuɗi irin su Hitarget daga Sin. Ɗinkin da ƴan mata ke kai wa tela a finafinan Kano suke gano shi, su kuma ƴan fim rabin adonsu a Indiya suka ɗauko. Tabarau da agogo da takalmin wuta kuwa ba sai an faɗa ba.

Da yake karatun harshe nake, abin da ya fi ba ni dariya shi ne kalmomin da kansu suna tona asirin. Ba sai ka je ɗakin littattafai ba, ka saurari bakinka. Maiyo, rob, kilot, pantalo, Faransanci ne muka lanƙwasa. Tela, leshi, siket, bulawus, Ingilishi ne da ya tsallako iyaka daga Katsina da Kano. Kaftani, jallabiya, alkyabba, abaya, hijabi, ta hanyar Larabci suka shigo. Gyale daga Yarabawa muka karɓa, haka ma ashobi. Kowace kalma a cikinsu akwai ranar da ta kasance baƙuwa a garin, akwai kuma wanda ya taɓe baki ya ce yaran yanzu sun lalace. Yau ga shi mun rungume su har muna dukan wasu da su. Wannan ba aibi ba ne. Bahaushe ɗan kasuwa ne tun zamanin ayari, abin da ya gani ya yi masa sai ya saye, ya raɗa masa suna, ya mai da shi nasa. Aibin shi ne ka ci moriyar wannan halin sannan ka hana wa na bayanka.

Kayan da za a iya cewa namu ne tun daga zare akwai su: saƙi, gwado, barage, tsamiya, turkuɗin da ake rinawa da baba. Ku ɗaga hannu, wa ya sa saƙi ranar Sallah a 2010? Karofi ya riga ya fara mutuwa kafin a yanke mana cibi. Masaƙar Yamai, Sonitextil wadda daga baya ta koma Enitex, ba ta iya tsayawa gaban atamfar Sin ba. A Kaduna babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, muna ƴan yara. Tun kafin nan, a Janairun 1994, an karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, magidanta da yawa suka ƙara karkata ga bosho. Wato zamanin da muke kira na albarka shi ne daidai lokacin da masaƙa da marina ke rufe ƙofa. Mun yi ado a kan kabarinsu, ba laifinmu ba ne, yara muke. Amma kada mu girma mu ce mu ne masu tsaron al'ada.

Akwai kuma wanda ba ya cikin hoton, shi ne ya fi damuna. Hoto kuɗi ne. Wanda aka kai situdiyo aka tsayar gaban labule mai zanen fulawa, gidansu akwai ɗan hali. Shekarar 2005 da ta 2010 an yi yunwa a ƙasar nan, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. A cikinmu, a aji ɗaya, a site ɗaya, akwai wanda a waɗannan shekarun ana neman abin da za a ɗora a wuta ne, ba a maganar yadi. Akwai wadda kayan Sallarta kwancen yayarta ne da aka rage wa tsawo. Akwai wanda ranar idi yana riƙe da ƙoƙon bara a ƙofar gidan da muke ɗaukar hoto. In muka ce "dukanmu haka muka tashi", su mun share su ke nan. Su ba sa tura komai a guruf, shiru suke yi, mu kuma mu ɗauki shirun a matsayin sun yarda.

Yanzu batun bulala. Kada wani ya zaci wannan sabon abu ne da ya zo da TikTok. A farkon shekarun 1990, a Damagaram da wasu garuruwa, an bi ƴan mata masu sa bujebuje da duka, wai su suka hana ruwan sama sauka. A Nuwamban 2000, da aka kawo bikin FIMA na Alphadi kusa da Yamai, an yi tarzoma a Yamai da Maraɗi, kuma a Maraɗi mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Ku lissafa shekarun. Ƴan matan da aka ce sun lalace a lokacin su ne sa'o'in iyayenmu da innoninmu, su ne waɗanda yau muke nunawa muna cewa ga kamun kai. Dogon hijabin da muke gani kamar da shi aka halicci garin, a shekarun nan ne ya bazu. Kakanninmu zane da kallabi da mayafi suka sani, ku tambaye su in suna raye.

Na san abin da wani zai ce: to sai a bar kowa ya sa abin da ya ga dama? Ban faɗi haka ba. In kana da hujja ta addini, kawo ta a matsayinta, da ilmi da ladabi, kuma ka fara da kanka, don shari'ar sutura ba mata kaɗai ta hau ba. Sau nawa muka ga saurayi da wando yagagge a gwiwa, ya sauko har rabin ɗuwawu, aski kamar an yi gobara a gefe ɗaya, yana yi wa ƙanwarsa faɗa a kan tsawon hannun riga? Wannan muhawara ce da za a iya yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɗauko hotonka na shekara bakwai, da tabarau ɗin roba ɗan Sin, ka ce shi ne ma'auni.

Duk da haka kewar ba ƙarya ba ce, ina jin ta. Sai dai in na bi ta a hankali, ba wurin yadin take kai ni ba, shagon tela take kai ni. Ranar da ake kai mu awo, a ce miƙe hannu, tef ya zagaya ƙirji, tela ya rubuta lamba da alli a jikin yadin, uba ya ce a ƙara tsawo yaro girma yake. Daren Sallah mu cika benci muna gyangyaɗi, keken Butterfly na ta ƙara, wuta ta ɗauke a kunna fitila a koma na ƙafa, dutsen guga na gawayi yana hayaƙi a bakin ƙofa. Daga can bayan layi kana jin masu bugu suna sauke sanduna a kan shadda, tim, tim, har asuba. Tela ya rantse maka saura maɓalli kawai, alhali ko yankawa bai yi ba. Riga ɗaya ce a shekara, wani lokaci biyu, amma don kai aka yi ta, an san sunanka, an san kafaɗarka. Wani ya yi bashi don ta.

Wannan ne ke tafiya, kuma ba ƙannenmu ne ke kashe shi ba. Mu ne. Mu ne muka fara riƙe ƴan kuɗi, mu ne ke yin odar abaya da jallabiya ɗinkakku daga Dubai da Turkiyya da Sin ta waya, mu ne ke cewa tela ɓata lokaci ne. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kaya suka ƙara tsada, maɗinki na biyan zare da allura da haya a sabon farashi, mu kuma in mun je sai mu taya ɗinkin kaftani kamar muna sayen albasa. Mu fito daga nan mu je mu rubuta "ina ma a dawo da".

Wanda kewar ta dame shi da gaske, ga aiki. Sallar nan ya yanki yadi ko na jika biyar ne ya kai wa telan kartiyensu, ya biya shi ba tare da ja-in-ja ba. Ya ɗauki ƙanwarsa ko ƙanensa su tafi tare, a bar yaron ya zaɓi ɗinkin da yake so, ko da bai yi wa yaya ba. Ni kuma ina da roƙo na ɗan harshe: sunayen ɗinki da na atamfa da na ɗaurin kallabi da ake yayi muna yara, kowane gari da nasa, na Tasawa daban da na Ƙonni, na Mirriya daban da na Madawa, kuma babu ƙamus ɗin da ya kama su. Ku tambayi yayyenku mata da telolin da suka tsufa a kan keke, ku rubuta sunan da garin da shekarar da ake yayinsa gwargwadon yadda suka tuna, ku ba wanda ya miƙo muku wannan ɗan littafi. In sun taru za mu buga su a fitowa ta gaba, in kuɗin fotokopi ya samu.