Nelson Da Littattafansa, Ɗan Baskore Da Allon Makaranta

Ranar 21 ga Oktoba 1805, harsashin wani sojan Faransa ya kashe Horatio Nelson a yaƙin Tarafalga, bayan jiragensa sun karya rundunar ruwan Faransa da Sifaniya. Kafin nan ya rasa ganin idon dama a 1794, da hannun dama a 1797. Mutanen Ingila ba su tsaya ga kirari ba. Sun adana jirginsa Victory a Portsmouth, sun tattara wasiƙunsa, har da wadda ya soki Wilberforce mai yaƙi da cinikin bayi. Sun rubuta yadda ya sa aka rataye Caracciolo a Naples a 1799, da yadda ya yasar da matarsa saboda matar wani. Duk da haka gunkinsa yana tsaye a Landan.

Mu fa? Shekara biyu bayan mutuwar Nelson Katsina ta faɗa hannun masu jihadi. Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi. Sarki Rauda ya kwanta dama a Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri. Ɗan Baskore ya shafe shekara ashirin da 'yan kai yana kai hari ƙasar Katsina da Zamfara, har rasuwarsa a 1875. Me muka yi masa? Mun liƙa sunansa a ƙofar makarantar sakandare, muka kakkaɓe hannu. Ɗalibin da ke son sanin wane ne shi, sai ya nemi Philippe David da Faransanci ko M. G. Smith da Ingilishi.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta suna da hujja biyu: wai tona yaƙi da Sakkwato zai ɓata zumunci, wai kuma mayaƙanmu sun kama bayi. Sun kama, ƙwarai kuwa, haka ma abokan gabarsu. Wannan ai shi ne babin da ya fi cancantar a rubuta, domin jikokin waɗanda aka kamo suna nan cikinmu, kasuwa ɗaya muke ci. Zumuncin da labarin shekara 150 zai rusa, da ma can a kan rairayi aka gina shi.

Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon birnin Maraɗi da ke cikin kwari. Abin da ya saura yana bakin makaɗan fada da dattawan Tibiri da Jiratawa, su kuwa kowace damina raguwa suke yi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ba ta da nisa da ko ɗaya daga cikinsu. Ta ɗauki na'urar naɗar murya ta tafi, kuma abin da ta samo ta buga shi da Hausa.