A Daina Raina Masu Tsaron Tsofaffin Littattafai

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in faɗi ra'ayina a kan wani aiki da mu mutanen karkara muka raina, wato aikin malaman tarihi da ma'aikatan laburaren jami'a masu tsaron tsofaffin littattafai.

Ni manomi ne, da rani kuma ina kasa gishiri da manja da daddawa a kasuwannin ƙauye. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Da can idan aka ce mini ana biyan wani albashi don ya zauna yana kakkaɓe takardun da suka yi ja, dariya nake yi, in ce wannan ai zaman kashe wando ne da izinin gwamnati. To, yanzu na janye wannan magana.

Abin da ya sa shi ne, kakanmu almajiri ne, ya rasu ya bar gafaka uku cike da rubutun hannu. Da aka zo rabon gado a zamanin iyayenmu, sai aka raba wani littafi gida huɗu kamar ana rabon nama, kowa ya kwashi warƙoƙinsa wai don albarka. Yau babu mai cikakke. Gafaka ɗaya kuma aka jefa ta bayan rumbu. Da na jawo ta a daminar bara, gara ta mai da rabinta ƙasa. Wallahi na daɗe a tsugune ban iya cewa komai ba. Ta ukun ce kaɗai ta tsira, don an rataye ta a ɗakin baffana.

Da na kai kaya Kaduna, sai wani ɗan garinmu da ke karatu a Zariya ya ja ni zuwa Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke kan titin Rabah. A can na fara jin labarin Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa wurin a 1970. Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1920. Ya yi koyarwa a Sudan, daga nan ya zo Jami'ar Ibadan, sannan a 1962 ya dawo Zariya ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Daga baya ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi, ya kuma rasu a 1984. Allah ya jiƙansa.

A lokacin da ya zo, Turawa da yawa suna ganin ba mu da tarihi sai abin da Lugga da razdanoni suka rubuta. Shi kuwa ya dage cewa tarihin ƙasar nan yana cikin gafakar malamai. Ya nuna cewa Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai masu yawa, irin su Infaƙul Maisuri da Bello ya rubuta a 1812, kuma duk mai son ya san abin da ya faru dole ya koma can. A ƙarƙashin wani shiri na binciken tarihin Arewa aka riƙa bi gidajen malamai da fadojin sarakuna ana neman rubuce-rubuce, ana ɗaukar hotonsu, ana jera sunayensu ana adanawa a Zariya. Ya kuma yaye ɗalibai irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya yi bincikensa a kan tarihin Katsina. Jama'a, a duba fa. Mutum ya baro ƙasarsu ya ƙare rayuwarsa yana tattara abin da mu masu shi muke naɗe ƙosai da shi.

Ban faɗi maganar ƙosai don ba'a ba. Da idona na ga takardar ajami ta rubutun hannu a hannun yaro a bakin kasuwa, mai ya jiƙe ta.

Yaron nan na Zariya ya biyo ni gida ya duba gafakar da ta rage. Ya ɗaga wata warƙa sama wajen hasken rana, sai ga alamar jinjirin wata guda uku a jikin takardar. Ya ce irin wannan takarda daga Italiya ake yin ta, fatake ke kawo ta ta hanyar hamada, kuma da irin wannan alama masana ke kintatar shekarun littafi. Ya nuna mini kalma ɗaya da ake rubutawa a can ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, don haka ko warƙoƙi sun hargitse ana iya jera su. Shekara arba'in da 'yan kai ina ganin takardun nan ban san haka ba. Ya kuma hana ni liƙa su da gam ko ƙunshe su a leda, don leda na tara gumi. A nisanta su da ƙasa da inda ɗaki ke yoyo, a kuma daina juya su da yatsa mai miyau.

Amma su ma masu binciken ina da magana da su. Tun ina yaro wani mai manyan kaya ya zo da mota ya karɓi littafi ɗaya daga hannun mahaifina, ya ce mako biyu zai dawo da shi. Har mahaifina ya koma ga Allah bai sake ganinsa ba. Irin wannan ne ya sa idan ka ce wa tsoho ya fito da gafaka sai ya ce ai babu. Ba laifinsa ba ne. Yanzu kuwa da ko wayar hannu tana ɗaukar hoto, babu dalilin raba mutum da gadonsa. A zo gida, a ɗauka a gaban mai shi, a rubuta sunan kakansa a jiki, a bar masa abinsa. Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba ya ba da ajiya, a ba shi takardar shaida da sa hannu.

Ina kira ga hakimai da dagatai da limamai su riƙa faɗa wa jama'a cewa littafi ba a yanka shi wajen rabon gado. A yi masa kuɗi, ɗaya ya riƙe, ya biya sauran. Haka kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa, in yaro ya kawo muku tsohuwar takarda ta rubutun hannu, ku tambaye shi inda ya samo ta kafin ku zuba mata gishiri. Ni dai na fara bin 'ya'yan baffannina gida gida, ina neman kashi ukun nan na littafin kakanmu. Biyu sun yarda, ɗaya ya ce sai ya yi shawara.



Naka,
Wani manomi daga ƙasar Zazzau.