Jarin da attajiri ya zuba a kan ɗiyar talaka

Jama'a masu karatu, musamman alhazai da hajiyoyin kasuwa, yau Amurka za mu leƙa, mu ga wani jari da bai shiga littafin ciniki ba, amma ribarsa ta game miliyoyin mutane.

An haifi Constance Baker Motley a 1921 a garin New Haven, ita ce ta 9 cikin ɗiya 12. Iyayenta baƙar fata ne da suka zo daga tsibirin Nevis, uba kuku, uwa ƴar aikin gida. Ta ƙare sakandare a 1939, kuɗin jami'a babu. Wata rana aka kira taro a gidan matasan unguwarsu, wanda wani attajiri farar fata, ɗan kwangila Clarence Blakeslee, ke taimaka wa da dukiyarsa. Ana son a ji mi ya hana mutanen unguwa zuwa gidan. Yarinyar ta miƙe a gabansa ta ce dalili shi ne ba su da ta cewa wajen tafiyar da shi. Da wani mai kuɗin ne, da ya ce an yi masa butulci. Shi kuwa ya sa aka kira ta, ya ɗauki nauyin karatunta, har ta fito lauya daga jami'ar Kolumbiya a 1946.

To mi kuɗin nan ya haifa? A lokacin, a kudancin Amurka, baƙar fata zai shiga kanti a karɓi kuɗinsa, amma a hana shi zama ya ci abinci a teburin kantin. Ɗiyansa ma lakwal ɗinsu daban. Motley ta yi aiki da babban lauya Thurgood Marshall, tana cikin waɗanda suka shirya ƙarar da ta sa kotun ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954. Ita da kanta ta tsaya gaban kotun ƙoli sau 10, ta ci 9. A 1962 ta sa an buɗe wa James Meredith ƙofar jami'ar Misisipi. A 1963, da aka kori yara fiye da 1,000 daga makarantun Birmingham don sun fita zanga-zanga, ita ta sa kotu ta maido su aji.

A 1964 ta zama mace baƙar fata ta farko a majalisar dattawan jahar Niyok. A 1966 shugaba Lyndon Johnson ya naɗa ta alƙali a kotun tarayya, nan ma ita ce ta farko. A 1975 wani kamfanin lauyoyi da ake tuhuma da danne mata ya nemi ta janye daga shari'ar tun da ita ma mace ce. Ta ƙi, ta nuna masu cewa in haka ne ba alƙalin da zai saura, don kowane alƙali ko namiji ne ko mace.

Wani zai ce kuɗin karatun ɗiya mace gidan miji zai tafi. Motley ta yi aure a shekarar da ta gama karatu, ta haihu, kuma ba ta bar kujerar alƙalanci ba har rasuwarta a 2005. Gidan miji bai ci jarin ba.

Alhaji, hajiya, a ra'ayinmu ga inda ya kamata wani kaso na ribar shekara ya nufa. Cikin yaran da ke kawo talla bakin rumfarku akwai mai kaifin ƙwaƙwalwa da kuɗin littattafai kawai ya fitar da ita daga aji. Abin da buki ɗaya ke lashewa zai riƙe ta shekaru. In kuma mai tsaurin ido ce da ke faɗa maku gaskiya, kada ku kore ta, irinta Blakeslee ya zaɓa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba mu ikon yi.