Kitsen da ke Ƙandarar da Bawul ɗin Zuciya

An daɗe ana ɗora wa tsufa laifin ƙandarewar bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar zuciya, wai ya gaji ne da buɗewa da rufewa kusan sau dubu ɗari kowace rana. A 1994 Catherine Otto da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa tun farkon cutar akwai kitse da ƙwayoyin kumburi maƙale cikin fatar bawul ɗin. Kitsen jini ne ke kutsawa ya lalace, ya tayar da kumburi, daga nan wasu ƙwayoyin bawul su koma aikin masu gina ƙashi, suna tara kalsiyam har ƙofar ta tsuke.

Sai aka ce to, a rage kolastarol mana. Aka gwada magungunan statin a manyan gwaje-gwaje uku: SALTIRE a 2005, SEAS a 2008 da majinyata 1,873, sai ASTRONOMER a Kanada a 2010. Kolastarol ya sauka sosai, amma bawul ya ci gaba da tsukewa. Alamu sun nuna an makara ne, domin da zarar kalsiyam ya kama wuri, ba ya jiran kitse kuma.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wani nau'in kitse da hanta ke haɗawa, Lp(a). A 2013 binciken ƙwayoyin gado ya danganta shi da ƙandarewar wannan bawul. Gadonsa ake yi. Kiyaye abinci da motsa jiki ba sa wani taɓa shi, statin ma ba ya rage shi. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yana da shi da yawa, kuma ma'auninsa ya fi hawa a jinin baƙar fata. Duk da haka ba ya cikin awon kitsen da aka saba yi, sai likita ya nemi a auna shi daban. Tun 2019 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai suka ba da shawarar a auna wa kowane baligi ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa.

A asibitocinmu cutar bawul da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara ita ta fi yawa, shi ya sa ta dattawa ke wucewa ba a lura ba. Ga ta da ɓoyon kai shekara da shekaru, sai haki, ciwon ƙirji ko suma sun bayyana. Idan ta kai nan, babu ƙwayar da za ta buɗe bawul ɗin sai an sauya shi, ko ta tiyata ko ta zura sabo ta jijiya, dabarar da Alain Cribier ya fara a Faransa a 2002. Waɗanda ba a sauya wa ba, kusan rabinsu ba sa wuce shekara biyu.